Kafin a Wuce Kaulaha: Dakar da Tsibiranta Uku

Mutanenmu da yawa sun je Senegal, amma kaɗan ne a cikinsu suka ga Dakar. Tun da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a aikin Hajjin 1937 hanya ta buɗe tsakanin ƙasar Hausa da Kaulaha, kuma har gobe ba ta rufe ba. Duk watan Maulidi jirage na ɗibar mutanen Kano da Zariya da Damagaram da Kumasi masu nufin Madina Baye. A da, sa'ad da filin jirgin sama yake unguwar Yof, ko mai ziyara bai so ba sai ya keta birnin ya shaƙi iskar teku. To, a watan Disamba na 2017 aka koma sabon filin Blaise Diagne da ke Jas, wajen kilomita 50 daga tsakiyar gari, kuma ta ɓangaren da hanyar Kaulaha ta bi. Yanzu sai mutum ya sauka, ya faɗa mota, ya ba teku baya, ya yi ziyararsa ya komo, ko kwalekwale ɗaya bai gani ba. Alhali da zai ƙara kwana uku ko huɗu a kan tikitin da ya riga ya biya, da ya ga birnin, ya kuma taka tsibiran nan uku da ke gabansa: Gore da Ngor da Madalen.

Abu biyu ke iko da kwanakin baƙo a Dakar, teku da cunkoson motoci. Garin na zaune a kan wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, ruwa ya ci shi ta fuska uku. Tsinin Almadi, can bayan manyan otal-otal, shi ne ƙarshen nahiyar Afirka ta yamma. Siffar wurin ta gora ce, ciki da faɗi, wuya siriri, kuma ta wannan wuyan ne jama'ar da ke kwana a Pikin da Gejawaye da Rufisk suke tururuwa kowace safiya zuwa wajen nema. Jirgin ƙasa na zamani da ake kira TER ya fara aiki a ƙarshen 2021 tsakanin Dakar da Jamniyajo, manyan motocin safa masu aiki da lantarki kuma suka biyo baya a 2024. Sun rage, ba su kashe ba. Saboda haka zaɓen masauki ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya sauka a Plato, tsohuwar unguwar gwamnati, da ƙafa zai isa tashar jirgin Gore. Wanda ya sauka a Ngor ko Almadi ya sami iska da sarari, amma duk ranar da zai shiga gari sai ya yi sammako. Ni dai na fi ba da shawarar Plato, ko Madina da ke maƙwabtaka da ita ga mai son rangwame, domin biyu daga cikin tsibiran uku daga wannan gefen ake tafiya gare su.

Agogon Senegal yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, amma garin ya yi yamma ƙwarai, har rana ba ta bin agogon. A watan Janairu sai wajen bakwai da rabi take fitowa, magariba kuma sai bakwai na yamma. Juma'a wajen ƙarfe biyu ake yin ta, abincin rana ma sai biyu ta gota. Daga Disamba zuwa Afrilu iska mai sanyi ke kaɗowa daga teku. Wanda ya baro Sakkwato ko Yamai a Afrilu ana ƙuna, zai sauka ya tarar da mutane sanye da rigunan sanyi da dare. Damina daga Yuli ce zuwa Oktoba, da gumi da ambaliya a unguwannin bayan gari. Sai a duba kalandar Musulunci kuma: ranar 18 ga Safar 'yan ɗariƙar Muridiyya ke yin Magal a Tuba, kuma a makon nan direbobi da masu shaguna da yawa sun bi hanya, Dakar ta zama fayau. Makon Babbar Sallah, wadda suke kira Tabaski, raguna ne ke mallakar bakin tituna, kuɗin mota kuma ya hau.

Ɗan Najeriya ko Ghana mai fasfon ECOWAS ba ya bukatar biza, amma ya riƙe katinsa na rigakafin shawara. Mutumin Nijar ya huta da canji, sefarsa ita ce sefarsu. Har lissafin ma iri ɗaya ne: yadda Bahaushen Maraɗi ke ƙirga kuɗi da dala, haka Bawolofe ke ƙirgawa da derem, biyar-biyar, don haka in mai talla ta ce ɗari da harshenta, sefa 500 take nufi. Mai naira kuwa ya canza ta zuwa yuro tun daga gida, domin an ɗaure sefa da yuro, kusan 656 a kowane ɗaya, ba hawa ba sauka. Mutanen gari da Wave da Orange Money suke biyan kusan komai ta waya, shi ya sa canji ke wuya. Baƙo ya riƙa tara ƙananan takardu da silalla. Tasi masu launin rawaya da baƙi ba su da mita, a gama ciniki kafin a buɗe ƙofa.

Tsibirin Madalen ya kamata a sa a ranar farko, ba don ya fi sauran ba, sai don shi kaɗai ne teku ke iya hana zuwa. In igiyar ruwa ta yi ƙarfi masu kwalekwale ba sa fita, sai a ce a dawo gobe, kuma wanda ya bar shi sai ranar ƙarshe ba shi da goben. Daga gaɓar Sumbejun ake tashi. In ka tsaya a nan ka dubi yamma za ka hangi baƙaƙen duwatsu a tsakiyar ruwa, tazarar kilomita huɗu ko ƙasa da haka. Gwamnati ta mai da wurin gandun da aka keɓe a 1976, shi ne mafi ƙanƙanta a ƙasar, kuma ba a shiga sai da izinin ma'aikatan gandun da rakiyar ɗan jagora. Ba wanda ke zaune a can. Lebu, masuntan da suka riga kowa zama a wannan yanki, suna cewa gidan rauhanin da ke tsaron Dakar ne, kuma duk wanda ya yi yunƙurin gini a can ginin bai tsaya ba. Ɗan jagora zai nuna maka kangon dutse ya ce ga shaida.

Abin da ya tsayar da ni a Madalen kuka ce. Mun san kuka da tsayi da ƙasaita, a hango ta tun daga nesa a san an kusa gari. Ta can iskar teku ta hana ta miƙewa. Gindin ya yi kauri yadda aka saba, amma rassan sun kwanta suna jan ciki a kan dutse, har mutum na tsaye yana kallon ƙololuwarta a daidai kafaɗarsa. Na shafa ɓawon, na murza ganyen na sansana: kukarmu ce ta miya, ba wata ba. Gefen tsibirin kuwa duwatsu ne baƙi ƙirin na tsohon aman wuta, sun tsaya jere-jere a miƙe, kashin tsuntsaye ya shafe kawunansu da fari. A ramukansu wani farin tsuntsu mai jan baki da dogon wutsiya siririya yake ƙwai, kuma wuraren da yake sheƙa a gaɓar Afirka ba su da yawa. Akwai wani lungu da duwatsu suka tare igiyar ruwa, ruwan ya kwanta garau, a nan kwalekwale ke sauke mutane, a nan kuma masu iyo ke shiga. Babu inuwa, babu mai sayar da ruwa, babu makewayi. A tafi da ruwan sha da hula da takalmi mai riƙe ƙafa. Tsoho mai ciwon gwiwa da mai jego su haƙura da wannan.

Duk kwalekwalen da za a shiga, a nemi rigar kariya mai hana nutsewa, a ɗaura ta, kada a ji kunyar kowa. Mutanen Senegal ba su manta da daren 26 ga Satumba na 2002 ba, da jirgin Joola ya kife a hanyarsa daga Zigincor zuwa Dakar, ɗauke da ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Hukuma ta ƙirga mutum 1,863 da suka rasu. Ba wanda zai yi maka dariya a kan rigar.

In an dawo Sumbejun da la'asar kada a yi saurin tafiya. Lokacin ne jiragen masunta ke shigowa, dogaye, an yi musu fenti ja da kore da rawaya, an rubuta sunayen shehunai da iyaye mata a jikinsu. Samari na shiga ruwa har ƙirji suna ɗauko akwatunan kifi a ka, mata na jira da wuƙaƙe da tebura. Ana gasa maka wanda ka nuna nan take, da albasa da lemun tsami. Kifin da suka fi ji da shi, cof, ya yi tsada yanzu, kuma kowane masunci ka taɓa zai ce manyan jiragen ƙasashen waje sun kwashe teku. Yarjejeniyar kamun kifi tsakanin Senegal da Tarayyar Turai ta ƙare a Nuwamban 2024 ba a sabunta ta ba, amma ba jiragen Turai kaɗai ake kuka da su ba. Irin waɗannan jiragen katakon da baƙo ke ɗauka hoto, su ne kuma ke ɗaukar samari zuwa tsibiran Kanari na Sifen, tafiyar wajen kilomita 1,500 a buɗaɗɗen teku, wasu su isa, wasu har yau iyayensu na jira.

Gore kuwa yini guda cur take so, in da hali ma har da kwana. Tashar jirginta na kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Plato. Jirgin babba ne na ƙarfe, shalup suke ce masa, yana zirga-zirga tun asuba har dare, kuma minti ashirin ne tsallakawar. Kuɗin tikiti hawa uku ne: na mazauna ƙasa, na sauran 'yan Afirka, da na waɗanda suka zo daga wajen nahiyar. A tafi da fasfo, shi ke sa a sayar maka a farashin ɗan Afirka, kuma ana dubawa a ƙofa. A kama jirgin safe kafin 'yan makaranta da ayarin masu yawon buɗe ido su cika shi. Tun a cikin jirgin mata 'yan kasuwa za su zauna kusa da kai, wannan ta gaya maka sunanta ta tambayi naka, ta ce kada ka manta da ita. Ba za ta manta da kai ba ita. Bayan awa huɗu za ka ji an kira sunanka daga wata rumfar sarƙoƙi da zannuwa. Ba faɗa ba ne, a yi dariya, a saya ko a ce sai wani jiƙon.

Jirgin na zagaya wata zagayayyar ganuwar soja da Faransawa suka gina a shekarun 1850, wadda yanzu gidan tarihi ce, sai ga garin gaba ɗaya a gabanka: gidajen bene ja da rawaya da ruwan hoda, tagogin katako, furanni sun haura katangu sun zubo. Yara na tsalle daga kan gada cikin ruwa suna neman silallan da fasinjoji ke jefawa. Tsawon tsibirin mita 900 ne, faɗinsa bai wuce 350 ba, mazaunansa ba su kai dubu biyu ba. Babu mota ko ɗaya. Lungunan rairayi ne, sai ƙarar takalminka da ta teku. Turawan Fotugal ne suka fara isowa a 1444, 'yan Holan suka karɓe, Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila ta riƙa fizgewa tana mayarwa har 1817. Duk wannan kokawa a kan ɗan dutsen da ko ruwan sha bai wadace shi ba, saboda yana da mafakar jiragen ruwa kuma mutanen gaɓa ba sa iya kai masa hari cikin sauƙi. A 1978 UNESCO ta sa shi cikin jerin farko na wuraren tarihi na duniya.

Kowa Gidan Bayi yake nufa. Ba a buɗe shi ran Litinin, kuma ana rufewa da tsakar rana, sai a tsara da haka. Gida ne madaidaici na ƙarshen ƙarni na 18, mallakar iyalin Pépin, 'yan kasuwa ruwa-biyu. Da ka shiga tsakar gida matakala biyu ne suka lanƙwasa hagu da dama suka haɗu a barandar sama. Tsakaninsu, a ƙasa, wani siririn lungu mai duhu ya miƙe, a ƙarshensa ƙofa ce a buɗe, babu komai bayanta sai hasken teku. Ita ce ake kira ƙofar da ba a dawowa. Ɗakunan ƙasa an rubuta a bakin kowanne: na maza, na mata, na 'yan mata, na yara, na awo. A ƙarƙashin matakalar akwai wasu ramuka biyu na masu taurin kai. Na durƙusa na leƙa ɗaya. Ba a iya tsayawa a ciki, ba taga, bangon yana da damshi da gishiri, kuma daidai saman kan wanda aka kulle ne masu gida ke taka matakala su hau cin abinci. A sama ɗakuna ne masu faɗi da daɓen katako da iska mai daɗi. Tsakanin sama da ƙasa katako ne kawai. Duk tarin da aka yi a ƙasa an ji shi a sama.

An mai da gidan wurin tarihi a 1962, kuma Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya riƙe shi har rasuwarsa a 2009, shi ya sa duniya ta san shi, da bakinsa da iya ba da labarinsa. Nelson Mandela ya zo, Paparoma John Paul na biyu ya zo a 1992 ya nemi gafara, Barack Obama ya tsaya a bakin ƙofar a 2013. Sai dai ya kamata baƙo ya san akwai jayayya. 'Yan jagora na faɗin miliyoyin bayi da suka fita ta wannan ƙofa. Masana tarihi da suka bi takardun jiragen ruwa sun ce duk waɗanda aka ɗiba daga Afirka zuwa nahiyar Amurka wajen miliyan goma sha biyu da rabi ne, mafi yawansu daga gaɓar Angola da Kongo da Benin da Biyafara, kuma rabon Gore dubban gomomi ne, ba miliyoyi ba. Sun ƙara da cewa bayan ƙofar duwatsu ne da jirgi ba ya iya matsowa. A ganina gaskiyar masanan ba ta rage wa gidan komai ba, ƙara masa nauyi ma ta yi. A ƙarni na 18 yawancin mazauna Gore bayin gida ne, mallakar attajiran matan nan da ake kira sinyar, waɗanda ke auren Turawa suna kasuwanci da sunan kansu. Wato ba baƙi daga nesa kaɗai ke kulle mutane a ƙasan bene ba, har da 'yan gari masu sallama da maƙwabta. Bahaushe ba shi da bakin cewa wannan labarin wasu ne. Kakanninmu da aka kai Bahiya ta ƙasar Brazil, waɗanda suka yi tawaye a can a 1807, ba ta Gore suka bi ba, ta Ikko da Badagiri da Wida aka fitar da su, kuma kafin su isa hannun Bature sun bi ta hannun na gida. Faransa ta haramta bauta a 1848. A Arewacin Najeriya sai 1936 doka ta kashe ta gaba ɗaya.

Yawancin baƙi daga nan suke komawa bakin jirgi su ci kifi, sun ga kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. A dandalin tsakiyar gari akwai tsohon ginin makarantar William Ponty, inda Faransa ta horar da malamai da akawuna na duk yankin da ta mallaka, daga 1913 har ƙarshen shekarun 1930. Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya zauna a azuzuwan nan, haka Modibo Keita na Mali, haka Bubu Hama da Diori Hamani na Nijar. Mutumin Nijar da ya tsaya a gaban ginin yana kallon inda shugaban ƙasarsa na farko ya yi ƙuruciya ne, yaro daga Sahel an kawo shi tsakiyar ruwa. Shi kansa Blaise Diagne, wanda aka sa wa filin jirgi sunansa, a Gore aka haife shi a 1872, kuma a 1914 ya zama baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Faransa. Karatu bai bar tsibirin ba: makarantar kwana ta Mariama Bâ tana karɓar 'yan matan da suka fi kowa cin jarrabawa a faɗin ƙasar, za ka gan su da yamma cikin kayan makaranta.

Daga nan hanya ta haura tudun Kastel, tsakanin kukoki da masu zane da suka baje hajarsu. A gindin tudun, ta gefen yamma, akwai ɗan masallacin dutse na 1890, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar, igiyar ruwa na dukan gindinsa. A yi azahar a nan. A ƙololuwa manyan igwa ne sun yi tsatsa, ragowar zamanin da Ingila da Janar de Gaulle suka kawo wa Dakar hari a Satumban 1940 don ƙwace ta daga hannun gwamnatin Vichy ta Faransa, suka yi kwana uku suka janye. Ramukan sojan yanzu masu zane ne ke zaune a ciki, wasunsu 'yan Bay Fal masu tufafin faci-faci da dogon gashi. Daga nan ake ganin Dakar sosai, da benayenta da jiragen dakon kaya a layi. Daga nan kuma ake ganin yadda teku ke cin gefen tsibirin, da tsohon gidan gwamna da ya zama kango. Wanda ya kwana a ɗaya daga cikin ƙananan masaukan garin zai ga wata Gore dabam bayan jirgin yamma ya kwashe baƙi: yara na ƙwallo a dandali, mata sun fito da kujeru ƙofar gida, ana dafa shayi.

Ngor ba ta bukatar dogon bayani. Tsibiri ne na hutu, mita ɗari huɗu daga gaɓar ƙauyen Lebu mai wannan suna, minti biyar a kwalekwale. Ta cikin ruwa ake shiga jirgin, don haka a naɗe wando, babbar riga kuma a bar ta a masauki. Gefen da ke kallon gari ruwansa a kwance yake, yara na iya wasa. Bayansa kuwa igiyar ruwa ce mai tsayi da ta yi suna a wajen masu hawanta da allo tun da wani fim na Amurka, The Endless Summer, ya nuna ta a shekarun 1960. Asabar da Lahadi wurin a cike yake, shigar masu wanka kuma irin ta Turai ce, mai tafiya da iyali ya san da wannan ya zaɓi safiyar ranar aiki. In lokaci ya ƙure, Ngor ce za a bari. Abin da na fi so a can ma ba a tsibirin yake ba, a gaɓar ƙauyen yake: safiyar Lahadi yara na jan raguna cikin teku suna wanke su da sabulu, ragon na turjewa, su suna ihu.

Tsakanin Ngor da gari hanyar bakin teku ta bi ta Wakam, inda tuddai biyu suke. Ɗaya na ɗauke da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1864, ɗayan kuma mutum-mutumin tagulla mai tsayin mita 49 da Shugaba Abdoulaye Wade ya buɗe a 2010, wanda wani kamfanin Koriya ta Arewa ya ƙera. Limamai sun soke shi, talakawa sun soki kuɗin da ya ci, ni ma ban ga kyansa ba, amma matakalarsa ta cancanci hawa saboda daga can ake ganin zirin ƙasar duka. A ƙasan tudun, cikin wani lungun masunta, masallaci ne mai hasumiya biyu a bakin ruwa, an gama shi a 1997. In Juma'a ta riski mutum a gari, ga Babban Masallacin 1964 mai ginin Maroko, ga kuma Masalikul Jinan na Muridiyya da aka buɗe a 2019, mai ɗaukar mutum 30,000. Gidan tarihin al'adun baƙar fata, na 2018, yana dab da tashar Gore, ya dace da wanda jirgi ya tafi ya bari.

Cebu jen abincin rana ne, kada a neme shi da dare. Karyayyar shinkafa ce da aka dafa a romon kifi da tumatir, a ɗora gunduwar kifi da aka cusa wa ganye da tafarnuwa, da rogo da kabeji da karas da gauta, da ɗan tsamiya a gefe. A faranti ɗaya ake ci, kowa da gabansa, uwar gida na gutsuro kifi tana turo wa baƙo. A roƙi ƙanzon, su ma sun san daɗinsa. Abin sha duk na gida ne da wani suna: bisap zoɓorodo ne, buy kuwa 'ya'yan kuka ne aka dama da madara, kofin Tuba da ake sayarwa a kowace kusurwa kuma kimba ce ke ba shi wannan yajin. Da dare sai dibi, gasasshen naman rago da albasa a kan takarda. A kewayen kasuwar Sandaga da cikin Madina akwai irin wanda suke kira dibi Hausa, wato tsire da yajin ƙuli, kuma masu yin sa galibi mutanen Nijar ne. Na yi wa wani sallama da Hausa, ya ɗago daga kan wuta ya dube ni.

“Lahiya lau, Malam. Daga Kano ko Katsina? Zamna, zamna, kai ba baƙo ba ne.”

Ya ƙara mini tsinke biyu a kan abin da na biya, ya kuma gaya mini kuɗin tasi na gaskiya zuwa masaukina, wanda bai kai abin da direbobi ke fara yanka wa baƙo ba.

Mai sayen tsaraba ya nufi kasuwar HLM don shadda da atamfa da ɗinki, ko rumfunan masu sana'ar hannu na Sumbejun don jaka da takalmi. Farashin farko a ko'ina na gwaji ne. Tafkin Retba, wanda ake tallatawa da ruwansa mai launin hoda, yana da nisan fiye da kilomita 30, kuma launin ba kullum yake fitowa ba, ambaliyar 2022 ma ta ɗauke shi na tsawon lokaci. A gajeriyar tafiya bai kai a ba shi yini ba. Kwanan Gore kuma kada ya zama daren ƙarshe. Tsakanin tsibirin da filin jirgin sama akwai jiran shalup, akwai wuyan gorar nan, akwai babbar hanya mai shingayen biyan kuɗi. Daren ƙarshe a yi shi a cikin Dakar, a shirya da direba tun da yamma, a kuma tambaye shi ko kuɗin shingen na cikin abin da aka yi ciniki.